Gadon Sama a Jirgin Ikko

Shekarun baya, tun ina da suma a kaina, aka yi mini canjin wurin aiki daga Kazaure zuwa Badun. Lokacin ina ƙaramin akawu, aurena bai cika shekara ba. Na kawo wa matata takardar ina ta washe baki, ta saurara har na gama, sannan ta ce, "Ni fa ba inda za ni sai Baba ya sa albarka."

Ba taurin kai ba ne. Ita kaɗai ce 'ya mace a wurin mahaifinta, mahaifiyarta ta rasu tun tana ƙarama, shi ya raine ta a Roni. Na san ina da ikon in ce ta haɗa kaya, amma na san kuma idan na tafi da ita a haka, gangar jikinta kawai zan kai Badun. Ni kuwa ban ga yadda zan yi zaman ƙasar nesa ni kaɗai ba, mutumin da ko shinkafa bai iya dafawa ba.

Na tura yayana ya yi wa surukin nawa magana, don ni tun da aka ɗaura aure ban taɓa haɗa ido da shi ba. Abin da ke tsakaninmu gaisuwa ce daga bakin zaure: in cire takalmi, in durƙusa, in ce "Baba, kun wuni lafiya?", in tashi in kama gabana. Amsar da yayana ya dawo da ita gajeriya ce. "Ya ce sai ya je ya ga wurin da idonsa. Kuma kai za ka kai shi."

Nan fa na ce bari in nuna wa tsoho cewa 'yarsa ma'aikaci ta aura. A wancan zamani jirgin ƙasa na Ikko shi ne sarkin hanya. Da safe yake tashi daga Kano, ya bi Zariya, Kaduna, Minna, ya kwana yana tafiya, sai washegari ya isa Badun kafin ya wuce Ikko. Akwai taragon kowa da kowa, inda mutum zai zauna da buhun albasa a gefensa da kaza a ƙarƙashin ƙafarsa. Akwai kuma taragon barci, na manya. Wani abokina a ofis ya ce, "Kai, suruki guda za ka cusa cikin albasa? Yanka masa na barci." Na je na yanko tikiti biyu, ban ko tambayi yadda wurin yake ba. A zatona ɗaki ne dogo irin na asibiti, gado nan gado can, in kai shi wannan ƙarshe ni in ɓuya a wancan.

Da muka isa tashar Kano, ma'aikacin taragon ya karɓi tikitinmu ya ja wata ƙofa. Wani dattijo ne Kirista, mutumin ƙasar Tibi, ya daɗe a Kano har Hausarsa ta fi tawa gishiri. Na leƙa. Ɗaki ne da bai fi akurkin kaji girma ba: taga ɗaya, fanka ƙarama, wurin wanke hannu, sai gado biyu, ɗaya a kan ɗaya, da ɗan tsani a jingine.

Wanda bai tashi a wajenmu ba zai ce, to mene ne a ciki, yaro ya hau sama, tsoho ya kwanta ƙasa. Ni kuwa abin da na gani shi ne ƙafafuna suna lilo a saman kan surukina. Ni da ko tabarma ɗaya ban taɓa zama da shi ba, yau zan taka tsani a gabansa, in miƙe a kansa, wataƙila har in yi minshari? Shi kuma ya haura saba'in, da gwiwa mai ciwo, ba mai hankalin da zai ce masa ya hau sama. Na shimfiɗa masa buzunsa a gadon ƙasa, na ajiye masa butarsa da sandarsa, na ɗora akwatunanmu a gadon sama kamar dama don haka aka yi shi. Na ce, "Baba, bari in ɗan sha iska."

Iskar nan na sha ta tun daga Kano har Minna.

A siririyar hanyar da ke gaban ɗakunan na tsaya, na rungumi taga. Na ga gonakin dawa sun wuce, na ga masu tallan rake da dafaffen ƙwai a Zariya suna miƙo faranti ta taga. Matata ta haɗa mana guzuri, gurasa da dambun nama da fura a jug, amma duk yana cikin ɗakin, kusa da ƙafar Baba. Ban iya shiga in ɗauka ba, ban kuma iya sayen komai ba, don ina tsoron ya buɗe ƙofa ya same ni ina tauna. Idan lokacin salla ya yi sai in ƙwanƙwasa, in cika masa buta, in koma waje in yi tawa a lungu. Duk shigar da na yi sai ya ce, "Malam, ka ci abinci kuwa?" Ni kuma in ce, "Na ƙoshi, Baba." Cikina yana kuka har ina jin ya fi ƙarar jirgin.

Bayan isha'i ma'aikacin nan ya zo wucewa karo na ban san adadi ba, ya tsaya ya dube ni sama da ƙasa. Ya ce, "Malam, kuɗin gado ka biya ko kuɗin gadi?"

Na ce, "Ba na jin barci."

Ya ce, "Idonka bai san da wannan labari ba. Mahaifinka ne a ciki?"

Na ce, "Surukina ne."

Ya tuntsire da dariya har yana dafa bango. "To, shi ke nan, na gane. Shekara nawa ina wannan aiki, kai ne na farko da ya shigo mini da suruki ɗakin mutum biyu." Ya shiga wajen Baba wai zai gyara fanka. Ya daɗe. Na ji motsi, na ji ana jan akwati, na ji Baba yana cewa "Bismillah, riƙe nan." Da ya fito yana share gumi, sai ya ce, "Baba ya hau sama. Ya ce gadon ƙasa naka ne, kuma ya yi barci, kada a tashe shi."

Na lallaɓa na shiga. Akwatunan suna ƙasa, Baba yana can sama ya juya wa ɗakin baya, ya lulluɓa har ka. Na san idonsa biyu, shi ma ya san na sani. Na ce a raina bari in ɗan ɗosana a bakin gadon kawai, don kada wahalarsa ta tafi a banza. Daga nan ban sake sanin inda kaina yake ba.

Abin da ya tashe ni murya ce ƙasa-ƙasa. "Malam. Malam." Na zabura. Gari ya soma wayewa. Baba yana zaune a bakin gadon sama, ƙafa ɗaya tana laluben tsani, ɗayar ta ƙi lanƙwasuwa. Gwiwar ta sandare. Daga baya na gane ya daɗe a haka, yana so ya kewaya, lokacin asuba yana wucewa, amma kunya ta hana shi ya tashe ni.

Na ce, "Baba, bari in kira ma'aikacin."

Ya ce, "Kafin ka nemo shi an yi abin kunyar da ya fi wannan. Matso."

Na matsa na ba shi baya. Ya dafa kaina, ya sauko da nauyinsa duka a kafaɗata. Daidai nan jirgin ya yi wata girgiza, muka tafi taga-taga, hularsa ta faɗa wurin wanke hannu, ni da shi muka zube kan gadon ƙasa. Sai na ji kafaɗarsa tana rawa. Dariya yake yi, irin wadda ba ta da sauti, har da hawaye. Ban san lokacin da tawa ta kuɓuce ba.

Bayan mun yi salla, ni a bayansa a wannan ɗan tsukukun wuri, sai ya jawo ƙullin guzurin ya kwance. Ya raba gurasa biyu, ya tura mini rabi, ya ce, "Ci." Na buɗe baki zan ce na ƙoshi, ya ɗaga hannu. Jirgin ya rage gudu, muka hau gadar Jabba, Kogin Kwara ya shimfiɗu a ƙarƙashinmu, ruwa iya ganinka. Ya daɗe yana kallonsa, don bai taɓa ganin ruwan da ya fi dam ɗin Kazaure ba. Sannan ya yi magana, idonsa yana kan taga.

"Malam, na ga kunyarka, Allah ya yi maka albarka. Amma ita ce ta hana ni barci jiya. Sau huɗu na tambaye ka, sau huɗu ka ce ka ƙoshi, ina jin kukan cikinka ta ƙofa. To mutumin da ba zai iya gaya mini yana jin yunwa ba, ranar da yarinyar nan ta kwanta ciwo a bayan wannan ruwa, me zai rubuto mini? Lafiya lau?"

Duk tsayuwar da na yi ina ganin maki nake tarawa, ashe rami nake haƙa wa kaina.

Ya ce, "Ni ba ɗaki zan je dubawa ba. Ɗaki ko a Roni akwai mai yoyo."

Na sunkuyar da kai na ce, "Baba, wallahi tun jiya da safe ban sa komai a bakina ba. Kuma ƙafafuna sun kumbura."

Ya ce, "Yauwa. Yanzu muka fara magana. Ci, ɗana."

Na ci. Na cinye gurasata, na ci rabin tasa, na kai dambun naman ƙasa, yana kallona yana tauna goro. Daga Jabba zuwa Badun bakinmu bai rufu ba. Ya ba ni labarin mahaifiyar matata, da yadda ya riƙa goya yarinyar zuwa gona. Da muka isa, ɗakin da na kama a unguwar Sabo ko minti biyar bai yi a ciki ba. Ya leƙa, ya taɓa bango, ya ce, "Ta zo."

Na riƙe masa alkawarin da bai ce in ɗauka ba. Haihuwar matata ta fari ta zo da gardama, ta yi kwanaki a asibiti ba mu san inda za ta faɗa ba. Na zauna rubuta wasiƙa, hannuna ya rubuta "muna nan lafiya lau" da kansa. Na yaga takardar na sake wata, na faɗi komai yadda yake. Cikin mako Baba ya iso shi kaɗai da butarsa, ya zauna a bakin gadonta har ta miƙe. Ya ce mini wannan karon ya gaya wa mai tikiti tun a Kano cewa shi gadon ƙasa yake so.

Baba ya daɗe da rasuwa, Allah ya jiƙansa. Jirgin barcin ma ya zama labari, yaranmu idan na ba su sai su ce wai wane ne zai yarda ya kwana a hanya. Na yi ritaya na dawo Kazaure, kuma ga shi ana shimfiɗa sabon layin dogo ta wajenmu. Wani lokaci da yamma nakan hau babur in je in tsaya ina kallon aikin. An ce mai gudu ne, mutum zai je Kano ya dawo kafin a sauke tukunya. Ina murna, don na san wahalar hanya. Amma ba zan ɓoye ba, ina kewar wancan mai jan ƙafa, da ƙaurinsa da girgizarsa. Ya ba mutum biyu da ba su iya haɗa ido lokacin da kunya za ta gaji ta bar su.

Kwanakin baya na shiga irin sabon, daga Kaduna zuwa Abuja, tare da mijin 'yata. Yaron kirki ne, mai ladabi, duk tambayar da na yi masa a waya amsarsa ɗaya ce: "Lafiya lau, Baba." Kujeru ne a jere, ga sanyin na'ura, ba gado ba tsani. Ya takure a gefena kamar wanda aka kawo gaban alƙali, hannu a cinya. Na duba agogo na ga ba ni da kwana ɗaya da wuni, ba ni da gadar Jabba, kafin in gyara zama za a ce mun iso.

Sai na buɗe jakata na ciro kilishin da na saya a tasha, na raba biyu na tura masa.

Ya ce, "Na ƙoshi, Baba."

Na ce, "Ni ma na taɓa ƙoshi, tun daga Kano har Minna. Ci, ɗana, ina da labarin da zan ba ka, kuma jirgin nan ba ya jira."