Mama Laraba, Mai Kitson da Ba Ta Ajiye Madubi

A wannan watan Mama Laraba ta cika shekara huɗu da rasuwa. Ina da shekara goma sha biyu lokacin, yanzu ina aji biyar na sakandare. Maƙwabciyarmu ce a Kubwa, mutuniyar Filato, tana kitso a barandar gidan da muke haya. Ranar Lahadi ba ta taɓa kan kowa sai ta dawo daga coci. Hausarta ba ta raba mace da namiji, kowace yarinya "kai" ce a bakinta. Muna dariyar haka a ɓoye, ita ma ta sani.

Ni ban iya kallon idon mutum in yi magana ba. Ko a aji, in na san amsa, sai in rubuta ta a bayan littafi in rufe. Iyayena suna fita da sassafe su kama motar cikin gari, su dawo a gajiye. Shiruna ya yi musu kama da natsuwa.

Wata Asabar tana yi min shuku, hannunta ya yi tsauri. Hawaye na ɗiga a zanena. Ta ga ɗigon, ta tsaya, ta tsefe layin da ta gama.

"Da zafi?"

Na girgiza kai.

"Ƙarya ne. Kai ne mai kai, ni ina baya. In ba ka faɗa ba, ina zan sani?"

Ta ajiye kibiyar kitso a cinya ta naɗe hannu. Mai rake ya wuce, ya dawo, muna nan zaune. Da ƙyar na ce, "Da zafi."

"Yauwa. Ka ga ban mutu ba, kai ma ba ka mutu ba."

Daga baya na lura ba ta ajiye madubi. Yarinya ta zauna a ƙasa ta ba ta baya, babu idon da za ta ji kunya, sai baki ya buɗe. Ba ta da yawan nasiha. Tambayarta biyu ce: "Sai me ya faru?" da kuma "Shi ɗin fa, yaya ka ga ya ji?" In ta gama sai ta ce, "Je ka faɗa wa mamanka kamar yadda ka faɗa min."

Nakan yi tunanin abin da za ta ce da ta ga yau. Shagunan kitson layinmu duk madubi ne, kowace yarinya idonta na kan waya. Makarantarmu ta buɗe ɗakin ba da shawara, malamar tana da kirki, amma kujerun suna kallon juna. Ban taɓa shiga ba. Ina jin da Mama Laraba ce, juya kujera ɗaya kawai za ta yi.

A zangon da ya wuce ƙanwata Ummi, mai shekara takwas, ta daina son makaranta. Kullum da safe ciwon ciki. Momi ta kai ta asibiti, ba a ga komai ba. Abba ya zaunar da ita ya ce ta dube shi ta faɗi gaskiya, ta sunkuyar da kai. Ya ce in ta sake yin haka ranar Litinin, zai sauya mata makaranta. Ni kuwa na lura cikin ba ya ciwo Asabar da Lahadi, kuma ta daina ambaton ƙawarta Salomi.

Ban iya kitso ba. Duk da haka ranar Asabar na ɗauko mataji na ce ta zauna ta ba ni baya. Na fara jan layi. A na uku ta ce, "Yaya, in mutum ya faɗa miki sirri kika faɗa wa 'yan aji, shi ke nan?"

Na ci gaba da jan layin. Na ce, "Sai me ya faru?"

Ashe Salomi ta gaya mata har yanzu tana tsotson yatsa, Ummi ta faɗa don a yi dariya. Aka yi. Salomi ta yi kuka ta sauya benci. Ba tsoron kowa Ummi take ji ba, kunyar kanta ce ta hana ta zuwa, kuma ba ta san ta inda ake fara ba da haƙuri ba. Muka gwada kalmomin tare, tana kallon bango. Sannan na tura ta wurin Momi.

Ran Litinin ta riga ni sa takalmi. Salomi ba ta huce nan take ba, sai ranar Alhamis ta mayar da jakarta tsohon benci. Abba bai sake zancen sauya makaranta ba. Ranar Alhamis ɗin, don murna, na ci abinci har da ƙari.

Mama Laraba ba ta bar shago ba, ko hotonta ba ni da shi. Abin da ya rage min shi ne wannan zama, da haƙurin jiran mutum ya buɗe baki. Kitsona har yanzu a karkace yake, Momi tana dariya. Amma Asabar ɗin da ta wuce ina cikin jan layi Ummi ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Yaya, da zafi."

Na sassauta.