Takalmin da Ya Rage a Gindin Dutse

Har yau ban manta da Asabar ɗin da muka je gandun daji ba, ina aji biyu na babbar sakandare, wata uku da ba ni firifet ta lafiya. Ga ku da za ku karɓi aikin bayana: firifet ta lafiya ita ke riƙe akwatin magani, kuma a duk tafiyar makaranta ita ce ta ƙarshe a layi, ita ce ta ƙarshen shiga mota. Malama Hadiza ta ce ta zaɓe ni ne don ba ni da surutu. Gaskiyar ita ce kunya gare ni, ko tafiya nake kaina a ƙasa yake.

Mun tashi daga ƙofar makarantarmu a Kusfa bayan sallar asuba, mu talatin da huɗu, tare da Malama Hadiza da Malam Lawal na labarin ƙasa. Tsarin shi ne mu hau dutse da safe mu ga kufan mutanen da, sannan mota ta kai mu inda ruwa ke zubowa daga kan duwatsu, can nesa cikin dajin.

A gindin dutsen wani dattijon ma'aikacin gandun, Baba Tanko, ya karɓe mu. Ya ce kowa ta cire takalmi, dutsen sumul yake, takalmin makaranta santsi zai yi. Ya ce dole mu sauko kafin rana ta take, don in dutsen ya ɗau zafi ƙafa ba ta iya taka shi. Wadda ta ɓace kuma ta zauna inda take. Muka tara takalma a ƙarƙashin wata tsamiya muka hau.

A sama mun ga ragowar katangar duwatsu, da ramukan da matan wancan zamani suke niƙa hatsi a ciki, har yanzu cikinsu na sheƙi. Wata ta rantse tana hango gidansu a Ƙofar Kibo, Baba Tanko ya ce to ta gaida masa mutanen gida.

Da muka sauko kowa ta zari takalminta ta shige mota. Malam Lawal ya kira sunaye, aka amsa duka, direba ya tayar da mota. Na sunkuya zan ɗauki nawa sai na ga akwai wani a gefen saiwa. Igiyarsa ta hagu ɗinkin koren zare ce. Na san ƙafar da ke sa shi.

Na je bakin mota na ce, "Malam, Habiba ba ta sauko ba."

Ya ce suna talatin da huɗu ya kira, talatin da huɗu suka amsa, in shiga rana na yi. Na ɗaga takalmin. Ya ce ai duk takalmanmu iri ɗaya ne, ƙila na wata makarantar ne aka manta.

"Nata ne, Malam. Kuma ni ce ta ƙarshen shiga, ba zan shiga ba sai ta shiga."

Ban taɓa yi wa malami magana mai tsawon wannan ba. Malama Hadiza ta dube ni, ta hau motar tana bin fuskoki kujera-kujera. Kafin ta kai baya, Rukayya, aminiyar Habiba, ta fashe da kuka. Ta ce lokacin saukowa Habiba ta matsu tana son zagayawa, ta kasa faɗa a gaban Malam da Baba Tanko, sai ta zame bayan katanga ta ce za ta biyo mu. Da aka kira sunanta, Rukayya ta amsa mata kamar yadda muke yi wa juna a aji, tana ganin yanzu za ta iso.

Dutsen ya riga ya ɗau zafi. Baba Tanko ya bi da ni da Malama ta wata hanyar ciyawa mai zagaye, ina rungume da akwati da takalmin. Mun same ta zaune a inuwar katanga, ƙaya ta shige mata tafin ƙafa, leɓenta ya bushe. Na ba ta ruwa, na cire ƙayar da hantsaki, na sa aidin na ɗaure. Abin da ta fara cewa shi ne, "Malama, don Allah kada a gaya wa Malam abin da ya kai ni."

Malama ba ta gaya masa ba, shi ma bai tambaya ba. Da za mu bar wajen ruwan da la'asar sai ya miƙo min takardar sunaye ya ce, "Safiya, ke kira. Ki kuma duba."

Abin da na koya ke nan: murya tana iya amsa wa wata, don haka ina kiran suna ina kallon fuska. Na kuma gane cewa 'yan'uwanmu sun gwammace a bar su a kan dutse da su faɗi irin wannan buƙata a gaban namiji, kuma faɗa ba zai canza su ba. Shi ya sa kafin a taso daga ko'ina nake bin layi ina tambaya a kunne, wa ke son zagayawa. Ba a taɓa rasa mutum biyar masu so ba.