Kamun Ƙafar Ɗantsoho Mai Shayi

Ina fitowa daga elementare ta Gumel, inda nake koyarwa tun da na gama kwalejin horar da malamai bara, sai wani ɗan doka da ban taɓa yi wa magana ba ya taka birkin kekensa ya ce, "Sannu Malam Ƙasimu na Lahor. Yaushe tafiyar?" Mutum ɗaya kaɗai ya taɓa jin sunan garin nan daga bakina: Ɗantsoho mai shayi na kasuwar Maigatari.

Ɗantsoho mutumin Gagarawa ne. Yana saurayi aka ɗauke shi soja, ya yi dako a dajin Burma, ya yi jinyar ƙafa a Indiya, ya dawo yana ɗingishi da wata butar ƙarfe a hannu. A cikin madara yake dafa shayinsa, da citta, yadda ya gani a can. Da farko 'yan kasuwa kunu suke kiransa, yanzu har fataken Damagaram suna layi. In jaki ya doshi rumfarsa, da Urdu, harshen da ya koyo a Indiya, yake zaginsa. A bakinsa na fara jin harshen, lokacin hutun makaranta, har na ƙudurta sai na karance shi, shi da Farisanci, a jami'a.

Landan ta fi ƙarfina, hukumar En'e kuma ba ta ɗaukar nauyin irin wannan karatu. Wani alhaji da ya zauna da mutanen Pakistan a Makka ya ce a Lahor talaka ma yana karatu. Na nemi fasfo a ɓoye, domin a bana, 1957, wanda ya ce zai yi gabas sai a ce ɗan siyasa ne, ya rasa fasfon, ya rasa aikin. Na roƙi Ɗantsoho ya riƙe bakinsa.

Ranar Alhamis na hau motar kasuwa na same shi yana fifita wuta.

"Baba, wa ka gaya wa?"

"Zauna ka sha shayi, ɗana, fuskarka kamar an kore ka daga gidan biki. Kamun ƙafa na yi maka."

"Wajen wa?"

"Sarkin kasuwa. Shi ya gaya wa yaron Hakimi, yaron Hakimi ya gaya wa Ilu mai wankin Baturen ilimi. Sajen 'yan doka kuwa tare muka yi Burma, in tsallake shi? Ku 'yan boko kun ɗauka takarda ce ke tafiya da ƙafarta. Buƙatar da ba ta da masu goya ta, a ƙofa take kwana."

"Baba, ai ka kai ni ne!"

"Na kai ka mana. Da can wa ya san ka?"

Ya yi dariya, ni ban yi ba. A lokacin na lura rumfar ba tsohuwar ba ce. Sabuwa ce, a bakin tasha, wurin da ya daɗe yana nema ana hana shi. Na tambayi matarsa Larai, mai toya masa ƙosai, yaushe suka dawo nan. Ta ce satin da ya je gaida Saje. Ba ta ɗago kai ba.

Mai yiwuwa abin da ya faɗa gaskiya ne. Mutum ne da bai taɓa samun komai ba sai ta hannun wani, fanshonsa ma haka ya fito. Amma tun ranar hedimasta ya daina tura ni ajin manya, aka kuma kira ni ofis aka tambaye ni wace jarida nake karantawa, da wanda ya koya mini harshen Indiyawa. Mai tambayar ya riga ya san amsar.

Ɗantsoho yana nan a sabuwar rumfarsa, yana gaya wa kowa ɗansa zai tafi Lahor. An ce maganar fasfona tana Kaduna. Har yau ba amsa, ban kuma san ko zan koma aji bayan hutu ba.