Halliru da Zaman Rabin Kaka

Duk Bahaushen da ya zauna a Birmingham a shekarun nan da gwamnati ta tsuke bakin aljihu ya san Halliru Jumare na unguwar Perry Barr, in bai san shi da aikinsa ba, to ya san shi da ciwonsa. Aikinsa injiniyan fitilun titi ne a wani kamfani mai yi wa gari kwangila. Ciwonsa kuwa ƙwallon Amurka, wadda ake rungumewa kamar ɗan akuya a sheƙa da ita, ƙarti sanye da hular kwano su bi mutum su danne. Ranar Juma'a in an fito masallaci kowa na musun ƙwallon ƙafa irin ta mutane, shi kuma sai ya ja gefe yana jiran wanda tsautsayi zai sa ya tambaye shi labarin ƙungiyarsa. Wanda ya taɓa tambaya sau ɗaya ba ya ƙarawa.

A Amurka ya kwaso abin. Shi da Rabi'u Sanda aka tura su ƙarin karatu wani gari mai ɗan karen sanyi a bakin tafki, suka kama ɗaki ɗaya a gidan wani dattijo mai suna Gamaliel. Ran nan dattijon ya ja su filin wasa, aka lallasa ƙungiyar garin a kan idonsu, suka ga mutane dubbai suna fita suna zagin 'yan wasa amma kowa na cewa sai mako mai zuwa. Wannan taurin kai ne ya burge Halliru. Daga ranar ba su ƙara kiran ƙungiyar da sunanta ba, Namu kawai suke cewa.

Da rabo ya kawo su Ingila, Halliru ya yada zango a Birmingham, Rabi'u kuma ya zama likita a Manchester, ya kama gida a Rusholme. Duk Lahadi da yamma in an take wasa, kowa na gaban talabijin ɗinsa, waya a kunne, suna kallo tare suna tsaki tare. Sannan akwai babban zama. A tsakiyar kakar wasa ana ba kowace ƙungiya mako guda ta huta, to a Asabar ɗin makon ne suke haɗuwa su biyu rak, bana a gidan wannan, baɗi a gidan wancan, a dafa shayi, a baje ƙungiyar a faifai tun daga mai horarwa har mai ɗaukar ruwa. Suka sa masa suna zaman rabin kaka. Fiye da shekara goma babu wanda ya taɓa fashi, ko a shekarar da aka yi wa Halliru aikin ido.

Gaskiyar magana, Halliru ba shi da wani aboki. Yana da abokan gaisawa, yana da abokan sahun sallah, amma wanda zai zauna da shi ya tuɓe hula ya yi shirme son ransa, Rabi'u ne kaɗai a duk faɗin ƙasar. Kuma a shekarar da nake ba da labari ya fi kowane lokaci bukatarsa. An rage wa kamfaninsu kwangila, aka mayar da shi aikin kwana uku a mako. An rufe laburaren unguwa inda yake zuwa karanta jarida. Fitilun da ya kafa da hannunsa ma aka ce a riƙa rage musu haske. Ga shi kuma tun shigowar kakar Rabi'u ya fara wani sabon salo: Lahadi biyu a ɗaga waya, ta uku a ce ana asibiti. Halliru bai faɗa wa kowa ba, amma tsoro yake ji kada abokin nasa ya fara gajiya da shi. Ya ƙudura a ransa cewa zaman bana ne zai gyara komai.

Bana kuwa a Rusholme ne. Da safe ya zaro rigar Namu, mai ruwan goro, wadda lambar bayanta ta fara ɓarewa, ya zura a kan rigar sanyi. Sai ga matarsa Kubura ta fito cikin leshi, ta kafa ɗauri, riƙe da kular dambun nama.

"Ina zuwa haka?"

"Zan bi ka in ga Turai, mun kwana biyu," in ji ta. Turai ita ce matar Rabi'u. Ta dube shi sama da ƙasa. "Baban Saudatu, da ka sa shaddar nan taka mai ruwan toka. Na goge ta, tana kan gado."

"Shadda? Zaman ƙwallo za ni ko ɗaurin aure?"

"Ni dai da ka sa."

"Hajiya, weekend ne, ki bar ni in sha iska."

Ta ɗauki jakarta.

Tun kafin su hau babbar hanya ya fara gwada mata jawabin da ya tanada, don a gida ba ta tsayawa, a mota kuwa ba ta da wurin gudu. Wasa takwas Namu suka yi, biyu suka ci, su ma da ƙyar da jiɓin goshi.

"Ki ga yaron nan quarterback, mai jefa ƙwallon," in ji shi, hannu ɗaya a sitiyari ɗaya a sama. "Hannu gare shi, wallahi hannu gare shi. Amma sai ya tsaya yana ta waige-waige kamar wanda ya ɓata a kasuwar Bullring, har a zo a kwashe shi. Su kuma ƙartin da aka ajiye su tare masa, labule ya fi su amfani. Coach ɗin kuma kullum magana ɗaya, wai we go again. Ku tafi ina? Amma duk wannan na yafe. Rashin iyawa ba laifi ba ne."

"To," in ji Kubura, idonta a kan titi.

"Abin da ban yafe ba, na manyan ne. Mai kamun nan namu, wanda shi kaɗai ne in an jefa yake cafewa, sun sayar da shi ranar Talata. Wata guda suna cewa babu inda za shi, ashe an gama deal tuntuni. Sun sayar da bana don su sayi baɗi, mu kuma an bar mu muna ta ihu a gaban TV kamar wawaye. A faɗa mini kawai! A ce Halliru, bana mun haƙura. Ni yaro ne da ba zan iya ɗauka ba?"

Kubura ta sauke gilas kaɗan duk da yayyafin da ake yi, ta ce zafi take ji. Shi kuwa gogan naka ya ɗauka jawabin ne ya ratsa ta, ya ci gaba har suka shiga Manchester.

Layin su Rabi'u cike yake da motoci, sai can kusa da Wilmslow Road ya samu wurin ajiye tasa. A bakin ƙofa ya ga takalma jibge kamar na masallaci. Ya ɗauka rasuwa aka yi. Amma ƙamshin turaren wuta da na masa ne ya tare shi, ga dariya na tashi daga falo. Kubura ta sulale ta bi ta gefensa ta haye sama wurin mata, ko waiwaye ba ta yi ba.

Ya yi sallama ya shiga. An ture kujeru jikin bango, an shimfiɗa darduma, maza sun kai talatin, likitoci da injiniyoyi da ɗaliban jami'a, kowa cikin babbar riga ko kaftani mai sheƙi, huluna a karye. Shi kaɗai ne cikin rigar ƙwallo mai ɓararriyar lamba. Bangon falon fayau, an cire hotuna, sai alamar inda suke.

Malam Abdulsalam, dattijon da ke jan jama'ar Manchester sallah, ya miƙo masa hannu biyu. "Madalla, ga amininsa nan ya iso. Malam Halliru, sai haƙuri fa. Kai za ka fi kowa jin tafiyar nan."

Da wani ne ba Halliru ba, da sai ya ce wace tafiya. Amma ta yaya mutum zai tsaya a gaban maza talatin ya nuna bai san abin da ke faruwa a gidan amininsa ba? Ya yi murmushi ya ce, "Wallahi kuwa, Malam. Sai dai addu'a."

Ya samu gefe ya zauna, ya riƙa tsintar labarin daga bakin mutane kamar baƙo. Wani asibiti ne a Saudiyya ya ɗauki Rabi'u. Tun bazara aka yi intabiyu. Kaya sun riga sun tafi ta jirgin ruwa. Mako mai zuwa za su tashi. Wannan taron sallama ne, kuma har ɗalibin da ya zo ƙasar watan jiya an gayyace shi da sunan taron. Abin da ya fi ci masa rai, shi ake juyowa ana tambaya.

"Injiniya, Dammam ne ko Jidda? Kai ka san komai nasa."

"Ai ku bari ya faɗa da bakinsa," in ji Halliru, yana dariyar da ba ta wuce haƙora ba.

"Contract ɗin shekara nawa ne?"

"Sai yadda Allah ya yi."

Masar da aka ajiye masa ta huce a faranti. Rabi'u na ta kai-kawo da butar shayi cikin farar shadda, duk inda idon Halliru yake nan yake kaucewa. Da ya shiga kicin, Halliru ya tashi ya bi shi ya turo ƙofa.

"Mutumina," in ji Rabi'u, bai juyo ba.

"Yaushe ka so in sani? In na kira ranar Lahadi a ce mini number ba ta aiki?"

"Wallahi sau nawa ina ɗaukar waya in ajiye. An rage maka days a office, kana fama da mortgage, bashin gidan nan, ni kuma in buɗe baki in ce maka na samu wuri mai ninkin albashi? Nauyi na ji. Nan ɗin ma ka san yadda ake, shift a kan shift, an daskarar da pay shekara nawa. Na gaji, Halliru."

"Wa ya ce kada ka gaji? Ka tafi mana, Allah ya sa alheri. Amma tausayina ka ji. Ka dube ni ka ga mutumin da ba zai iya taya ka murna ba."

"Ba haka ba ne. Na ɗauka in ka zo ka ga jama'a, abin zai zo da sauƙi. Kuma na zaci Kubura za ta ɗan yi maka shimfiɗa a hanya."

"Kubura ta sani?"

"Turai ta faɗa mata tun azumi. Ni na roƙa kada ta faɗa maka, na ce ni zan yi da kaina."

Tun azumi. Watanni ke nan yana cin tuwo a hannun matar da ta sani, yana kiran abokin da ya sani, kowa na lallaɓa shi kamar mara lafiya. Ba fushi ne ya fara zuwa masa ba, kunya ce, irin wadda ke sa mutum ya ji kunnuwansa sun yi zafi. An ci amanarsa, kuma da sunan ƙauna aka ci, wanda ya sa ba shi da ma bakin yin faɗa.

Aka ƙwanƙwasa ƙofa, aka ce Malam na jira a yi addu'a.

Suka koma falo. Malam Abdulsalam ya yi addu'a mai tsawo, aka shafa. Sannan Rabi'u ya miƙe kamar yadda matafiyi ke yi, ya ce zaman tare ya yi daɗi, amma ɗan Adam ajizi ne, duk wanda ya ɓata wa a sane ko a rashin sani, don Allah ya yafe masa. Falon ya amsa baki ɗaya, "Mun yafe, mu ma ka yafe mana." Halliru ya motsa leɓe, babu abin da ya fito.

Rabi'u ya gani. Ya tsallake ƙafafun mutane ya zo ya durƙusa a gabansa, ya kama hannunsa da hannu biyu. Wasu a falon har suna gyaɗa kai don sha'awar wannan aminci.

"Kai fa, Halliru? Ka yafe mini?"

Halliru ya dubi hannun da ke riƙe da nasa. Ya san kalma biyu kawai ake nema, ya san kuma in ya faɗe su ƙarya ya yi, a gaban malami, bayan addu'a.

"Allah ya yafe mana baki ɗaya," in ji shi.

"Amin!" in ji jama'a, aka ci gaba da miƙa faranti. Rabi'u ne kaɗai bai ce amin ba.

Halliru ya zare hannunsa, ya ce wa wani ɗalibi ya hau ya gaya wa Hajiya Kubura yana mota, ya zura takalmansa ya fita. Rabi'u ya biyo shi don ya taka masa, ya duba cikin jibgin takalman nan bai ga nasa ba, sai ya fito haka nan da safa a kan jiƙaƙƙen titi, yana tattare shaddarsa. Ya cim masa a bakin layi, motocin bas na ta wucewa a Wilmslow Road.

"Tsaya mana. Ko zaman ba mu yi ba. Bari mutane su watse, mu dafa shayi, ka faɗa mini yadda ka ga Namu bana."

Halliru ya buɗe mota ya shiga. Ya sauke gilas kaɗan, ya dubi ƙafafun abokinsa da suka jiƙe sharkaf, ya kira shi da sunan da bai taɓa kiransa da shi ba.

"Dakta, ka koma ciki. Baƙinka na jira."