Kawu Labbo da Esin Motarsa

Duk wanda ya taɓa shiga motar Kawu Labbo ya san dokar farko. Kafin ka gama gyara zama za ka ji muryarsa daga gaba: "A ɗaga gilas! Motag ga mai esi ta." To, esin nan kuwa tun ina 'yar makaranta ya mutu, har na yi aure na haihu bai farfaɗo ba. Iskar da ke fitowa daga ramukan gaban motar kamar ta bakin tanda take. Amma Kawu, ƙanen Innarmu, wanda ya tsufa yana jigilar mutane tsakanin Nasarawa Burkullu da Gummi, bai taɓa yarda ba. Gumi na tsiyaya daga ƙarƙashin hularsa yana cewa, "Ku dai yi hanƙuri, sanyin na tahe." Haba Kawu!

Wata rana wata Bafulatana daga Gwashi ta shigo da ƙwaryar man shanu a cinya. Kafin a yi nisa man ya narke ya jiƙa mata zane. Ta hau faɗa, rabi Hausa rabi Fillanci. Kawu ya leƙe ta ta madubi ya ce, "Mi na na hushi, baiwar Allah? Aiki nir rage maki. Ga shi nan an soye."

Haka muka yi ta dariyar abin, har shekarar da Inna ta kwanta. Ciwon zuciya ne, ƙafafunta suka kumbura, likita a Gummi ya ce lallai ta riƙa zuwa duk wata, in ta yi fashi ruwan zai hau ƙirji. Tafiyar farko tsakiyar bazara ce. An rufe gilas ta sume don zafi, an buɗe ƙura ta shaƙe ta. Da muka dawo gida ta dube shi ta ce, "Labbo, na rantse ba ni sake shiga tukunyag ga taka. In mutuwa ta, ta ishe ni bisa gadona." Kun san Inna. In ta ce a'a, ko limami sai ya haƙura. Ni tsoro ya kama ni sosai, don na ga yadda take numfashi.

Washegari sai ga Kawu daga Anka da gwangwanin gas da wani tiyo mai geji a kai. Na ce ya kai wa masu gyara, ya harare ni. "Ke Hasiya, abin da nig gani da idona ana yi? Cusawa ɗai akai." Ya ɗaga bonet, ya laluba, ya matsa. Gas ya feso masa a yatsa har wurin ya yi fari. Maimakon ya yi ihu sai ya ɗaga yatsan yana nuna wa maƙwabta: "Kun gani? Sanyi na gaskiya!" Da ƙyar dai sauran ya shiga inda ya kamata, aka taɓa ƙarfen aka ji ya yi sanyi. Kawu ya kashe mota maza-maza, ya lulluɓe ta da tabarmi da tsohon bargo, wai kada sanyin ya tsere kafin ranar asibiti. Da safe aka tayar, ko alamar sanyi babu. Ya tsaya tsakar gida yana huci: "Wa yab buɗe mani mota? Wani ya shiga ya sha shi!"

Ƙafafun Inna kuwa kullum ƙara cika suke. Na daina wasa, na ce masa ko ya bi ni wurin Sahabi mai gyaran esi a Gummi, ko in daina gaishe shi. Ya bi ni yana ƙunƙuni.

Sahabi ya ce gas ba ya ƙarewa haka kawai, sai in akwai inda yake yoyo, kuma da kumfar sabulu ake gane wurin. Ya aika a sayo. Kawu ya ce tsaya! Ya zura hannu aljihu ya fito da guntun sabulun salo a ƙulle cikin leda. Aka ɗan sa gas, aka shafa kumfa a duk mahaɗar tiyo, can sai ga wata mahaɗa tana busa ƙwai-ƙwai. Zoben robar da ke ciki ne ya tsufa ya tsage. "Wagga 'yar aba? A ɗaure ta da robar tayar keke," in ji Kawu. Sahabi ya ce, "Baba, in ka ɗaure, ka tai da motarka." Aka sa sabon zobe, aka zuƙe iskar da ke ciki da inji, aka cika gas har allurar geji ta tsaya inda ake so. Ragowar ruwan kumfar kuwa Kawu bai bari an zubar ba, da shi ya wanke gilasan motar.

Aka tayar. Kwamfaresa, wato injin esin, ya kama, tiyo ya yi sanyi har da raɓa, amma cikin mota shiru, iska ba ta fitowa sai wani gurnani. Sahabi ya sunkuya ya kara fuska a ramin, ya murɗa fanka zuwa ƙarshe. Fuuu! Gero ya feso masa a ido, da ƙaiƙayi, da tsummokaran da ɓeraye suka yi sheƙa da su. Ashe duk shekara a ƙarƙashin kujerar baya Kawu yake ajiye irin da zai shuka, ɓeraye kuma suna kwasa suna tarawa a hanyar iska.

Na ce, "Kawu, iri a mota? Ina rumbu?"

"Rumbu ƙwari ka ci nai. Nan kau zahi na kashe su."

"Au! Ashe ka san da zahin?"

Ya yi kamar bai ji ba. Ya durƙusa yana tsince geron cikin hularsa, yana faɗa wa Sahabi ya ɗaga ƙafa kada ya taka masa iri.

Ranar asibiti ya kawo motar har ƙofar zaure ya bar ta a kunne, shi da ko a gangare kashe inji yake yi don tattalin mai. Inna ta ce ba inda za ta. Ya ce, "Adda, ban ce ki tai ba. Zo ki zage ni ciki, waje akwai rana." Ta fito tana dogara sanda, ta zauna don ta ji daɗin faɗan. Ta fara, "Kai Labbo, tun kana yaro..." Sai sanyi ya ratsa ta. Ta jingina kai. Kawu ya ɗaga mini gira, na shige na ja ƙofa a hankali. Kafin mu fita gari Inna ta yi barci, irin barcin da ta daɗe ba ta samu ba. Ya bi ramukan hanyar nan kamar mai ɗauke da ƙwai. Ya juya duk ramukan iskar suna kallon baya, shi yana gumi a gaba. Da na dube shi ta madubi na ga ba gumi kaɗai ke sauka a fuskarsa ba.

Tun daga ranar Inna ba ta ƙara fashin ganin likita ba. Kumburin ya sauka, yau ga ta nan tana korar jikoki da sanda. Kawu kuwa da muke ganin ƙarfe ne, zazzaɓin 'yan kwanaki ya ɗauke shi bara. Wallahi ina kewarsa, har faɗan nasa. Har gobe in muka kama hanyar Gummi sai Inna ta ce, "Yaron ga ya wahala da ni," tana nufin tsoho mai furfura.

Allah Ya jiƙan Kawu Labbo, Ya yafe masa kurakuransa. Yadda ya sanyaya wa 'yar'uwarsa hanya, ya Allah Ka sanyaya masa makwanci. Amin.