Kan da Ke Jikin Cokalin Kakana

Shekarar da korona ta kulle mu a bene hawa na sha huɗu a unguwar Titiwangsa, can ƙasar 'yan Malay, ina da cikin wata takwas, kuma komai haushi yake ba ni. Maigidana yana karatun digiri na uku a fannin tarihi. An rufe jami'a, sai ya zauna a falo yana neman abin tonawa. Da ya rasa, ya faɗa wa cokalina.

Babban cokali ne na azurfa, mai nauyin gaske. Kakana kuku ne a gidan wani Bature jami'in mulki, kuma labarin da muka tashi da shi ɗaya ne: da Baturen zai koma ƙasarsu, ya ba shi cokalin don yabawa. A ƙarshen mariƙin akwai tambari, 'yar garkuwa mai ɗauke da kan mutum mai gemu, da ƙyalle naɗe a goshi, da ɗigo uku a ƙasan wuya. Mu dai a saninmu hoton kakanmu ne da rawaninsa da carbinsa. Duk jaririn da aka haifa a zuriyarmu, da bakin wannan cokalin ake ɗiga masa zamzam da ruwan dabino kafin ya kama nono. Da zan taho, Baba ya naɗe shi cikin hularsa ya sa a jakata, saboda jikansa da ke tafe.

Maigidan ya ɗauki hoton tambarin, ya kwana uku yana bin tsofaffin littattafan Turawa a kwamfuta. Rana ta huɗu da hantsi ina daka tattasai a turmin dutsen da na saya a kasuwar Kampung Baru, ya shigo kicin yana sosa ƙeya.

"Hajiya, ki ɗan zauna mana. Na samo shi."

"Faɗi, ina ji."

"Tambarin gidan su Baturen ne. Ya girmi kakanki da ɗaruruwan shekaru."

Ya ce kakan kakannin Baturen yana cikin mayaƙan da suka je yaƙar Musulmi a ƙasar Sham. A can ya fille kan wani, ya rataya a sirdi, daga baya zuriyarsa suka mai da kan alamar gidansu, suna buga shi a zobe da ƙofa da kayan cin abinci.

"Dubi wuyan," in ji shi, yana nuna mini cokalin a hannunsa. "Ba riga, ba kafaɗa. Saran takobi ne. Ɗigon nan kuma ba carbi ba ne, jini ne."

Na duba. Shekara talatin ina kallon abin nan ban ga idanunsa a rufe suke ba. Na tuna da wannan aka fara buɗe bakina, da na yayyena, da na 'ya'yansu, ana bisimilla ana murna. Wani irin baƙin ciki ya turnuƙe ni, ban san sa'ad da na fizge cokalin daga hannunsa ba.

Na aza shi a bakin turmin na ɗaga taɓarya. Dukan farko mariƙin ya lanƙwashe. Na biyu ya sauka a kan fuskar. Maigidan ya kai hannu zai ƙwace, na uku ya same shi a babban yatsa, farcen ya tsage biyu, jini ya fantsama a tayil ya gauraye da tattasai. Ya durƙusa yana salati. Allah ya yafe mini, ban tsaya ba. Na yi ta kirɓa har gemun ya baje, rawanin ya ɓace, turmin kansa ya dare. Maƙwabciyarmu 'yar Malay ta ƙwanƙwasa ƙofa da takunkumi a fuska, tana tambaya ko ta kira mana asibiti.

Ina gama ɗaure masa yatsan, na kira Baba a Kano. Yakan ce mini Uwata, don sunan mahaifiyarsa na ci. Na zayyana masa komai, har da cewa an mai da mu sakarkaru.

Ya ce, "Uwata, kin fasa shi?"

"Na fasa, Baba."

"To ki ji abin da ba na faɗa wa yara. Ba wanda ya ba kakanki kyauta. Miya ce ta yi gishiri, Baturen ya sa aka danne shi a ƙasa, ya yi ta buga masa cokalin nan a baki har haƙoransa huɗu suka zube. Kin taɓa ganin ya yi dariya a hoto?"

Ban taɓa gani ba.

"Washegari ya ɗauke cokalin ya bar aikin. Ya san kan ba nasa ba ne, shi da yake goge shi kullum. Ya ce mini wannan bawan Allah ɗan'uwanmu ne, ya daɗe a teburin waɗanda suka yanka shi, ba wanda ya taɓa yi masa addu'a. Ya ce a ajiye shi inda za a riƙa ambaton Allah a kansa duk sa'ad da aka haihu."

Na kalli abin da ke cikin turmin. Ba sauran ido, ba hanci, sai wani lotsattsen ƙarfe da jan tattasai.

Bayan sati biyar na haihu ni kaɗai, don ba a barin kowa ya raka mutum cikin asibiti. Da muka dawo gida, maigidan ya miƙe bakin cokalin da filaya, yatsansa har lokacin a naɗe. Na ɗiga wa 'yata zamzam, ta tsotsa. Sannan na yi wa mutumin da ke jikin tambarin addu'a, babban yatsana a kan gurbin da fuskarsa take kafin in daka ta.