Tsutsar Kaɗanya

Erdoo ba 'yar Lafia ba ce. Daga wani ƙauyen Tibi na bayan Awe ta zo, shekarar da aka ƙone musu gari, da 'yarta Nguavese a goye da daro ɗaya a ka. Miji kuwa ba a tambayarta, ita ma ba ta faɗa. Abin da ta iya tun tana yarinya shi ta kama, wato tsutsar kaɗanya. Idan damina ta yi tsakiya sai ta nufi dajin Adogi, ta tsince su lokacin da suka ƙoshi da ganye suna gangarowa za su shige ƙasa. Ta tafasa su da gishirin Keana, ta shanya, ta kai kasuwa. 'Yan'uwanta Tibi suna saye da mudu. Sauran 'yan layin kuwa sukan toshe hanci su wuce, wai su masu tsabta, alhali fara suke ci har da ƙafafu.

Da tsutsar nan ta sa Nguavese a makarantar kuɗi. Babban abin alfaharinta ba karatun ba ne. Yarinyar da ta taso ba ta magana da kowa ce ta yi ƙawa, Ikilima, 'yar wani mai shagon magani. Tare suke zuwa, tare suke dawowa, biskit ɗaya sai an raba shi biyu. Duk ranar da Erdoo ta hango su riƙe da hannun juna sai ta ji garin nan ya karɓe ta.

A aji uku malamarsu, Anti Batulu, ta kawo wani littafi mai hotuna. Labarin tsutsotsi biyu ne aminai, suka yi dogon barci, ɗaya ta farka malam-buɗe-littafi mai kala, ɗaya ta farka irin mai yawon dare, amma kullum da magariba sai sun haɗu. Yara suka haukace a kansa. Anti ta ɗebo tsutsotsi daga kaɗanyar bayan makaranta, ta zuba a bokiti da ganye, don yara su ga canjin da idonsu. Da hutu ya zo uwar Ikilima ta ce ba a gidanta ba, sai aka damƙa wa Nguavese bokitin. Biyu mafiya ƙiba an ma raɗa musu suna, Ikilima da Nguavese.

Erdoo ba ta san da wannan ba. Ta dawo daga kasuwa yarinyar tana coci, ta tarar da bokiti a bayan ƙofa, tsutsa ƙosassu, sun isa tafasa. Har ƙwalla ta yi don murna. Yarinyar da ke kunyar zama kusa da tiren uwarta, yau ita ce ta tsinto mata da hannunta! Ba ta kai su kasuwa ba, ta ce wannan na gida ne. Ta yi miyar agushi da manja, ta kirɓa sakwara. Nguavese ta ci, ta nemi ƙari, ta lashe hannu. Sannan ta tashi za ta canja wa tsutsotsinta ganye.

Ihun da ta yi sai da maƙwabta suka leƙo.

Da Erdoo ta yi shiru, da wataƙila an ce sun mutu ne kawai, magana ta wuce. Amma ba ta iya ƙarya ba, gaskiyar ce kuwa ta ja mata. Washegari Ikilima ta zo ganin takwararta, Erdoo ta tare ta a bakin ƙofa tana murza hannu.

"Ikilima, yi haƙuri, ni ne na dafa shi. Ban sani na sukul ne ba. Nguavese ma ya ci, bai sani ba."

Ikilima ta dubi ƙawarta, ta riƙe baki, ta juya da gudu. Kafin a koma makaranta kowa ya ji. Yara ba su da tausayi, duk wanda ya ce suna da shi ya manta ƙuruciyarsa ne. Mayya suka sa mata, wadda ta cinye ƙawarta a miya. Benci ya zama nata ita kaɗai. A gida ta daina cin duk abin da ya fito daga tukunyar uwarta, sai gari da ruwa. Abin ya ci Erdoo fiye da gobarar ƙauyensu.

Sai ta koma Adogi bayan kakar tsutsa ta wuce, ta tona gindin kaɗanya da yatsu har ta sami waɗanda suka riga suka shige ƙasa suka yi ɓawo. Ta zuba su a tukunyar ƙasa da turɓayarsu, ta rufe da rariya, ta ajiye a ƙarƙashin gado. Ta ce idan suka fito ta kai wa ajin, an biya, Ikilima za ta dawo. Rani ya zo ya wuce tana leƙawa kullum. Nguavese ko kallon tukunyar ba ta yi.

Bayan ruwan farko, wata safiya, ta ga abu manne a rariya. Ɗaya ne tak ya fito, irin mai yawon daren nan, ƙato, launin tsohon buhu, jikinsa duk gashi. Ita da ta tsufa a sana'ar ba ta taɓa ganinsa a kusa ba, kuma wallahi kyau ya yi mata. Ta ɗaura zaninta na coci ta ɗauki tukunya, ta isa makaranta ana tsakiyar hutun tara.

Yara suka yanyame ta. Ta ɗaga rariya tana murmushi.

"Tir, ba shi da kala!" in ji wani. "Wannan ai na bola ne."

Ikilima ta leƙa, ta ɗaga murya yadda kowa zai ji. "Nguavese, zo, mamanki ta kawo miki abincin birek!"

Aka kwashe da dariya. Nguavese ta keto cikin yaran ba ta dubi uwarta ba. Ta fizge rariyar, ta kakkaɓe shi ƙasa, ta sa takalmi ta take, ta murza, ta sake murzawa. Yara suka yi shewa suna tafi. Ikilima ta yi dariya har da riƙe ciki, sannan ta matso ta kama hannun Nguavese.

"Ki tafi gida," Nguavese ta ce wa uwarta a hankali. "Kina wari."

Erdoo ta tsaya rungume da tukunya tana kallon su biyun sun nufi aji, hannu cikin hannu. Abin da ta zo nema ke nan, kuma ta samu.